Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Jami'a

'Ya'yana da jikokina da ke karatu a Samaru da Kongo, da waɗanda ke Kwalejin Nuhu Bamalli, da masu koyon aikin likita a Shika, ina so mu yi maganar abinci, wadda kuma ba za ta yiwu ba sai an taɓo zuciya.

A cikin birnin nan namu na Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, idan ɗalibi ya dawo hutu ya yi kumatu, murna ake yi. Gwaggo ta ce, “Masha Allah, boko ya karɓe ka.” Kaka ta ce yarinya ta yi jiki, ta zama mace. Ba da mugun nufi suke faɗa ba. Sun taso ne a zamanin da rama ke nufin ciwo ko ƙarancin hatsi a rumbu, ƙiba kuwa ke nufin hutu da wadata. Sai dai zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, wato fiye da mutum biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa wannan shekarar, adadin ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, a tsakanin matasa kuwa ya ninka sau huɗu. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, waɗanda da muke kira ciwon tsofaffi, yanzu suna sallama ga waɗanda ba su kai shekara arba'in ba.

Likitoci suna da awonsu. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita da aka ninka da kansa. In lissafin ya kai 25, nauyi ya fara yawa. In ya kai 30, an shiga ƙibar da ake yi wa kallon cuta. Saurayi mai tsayin mita 1.7 yana tsallaka iyakar farko da ya wuce kilo 72, ta biyu kuma a wajen kilo 87. Wanda ba shi da sikeli ya ari abin awon tela: ana so zagayen ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum.

To me ya sa nake ware ɗaliban jami'a? Saboda na san gidan da kuka fito. Wanda ya tashi a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma bai san cin abinci shi kaɗai ba. Bayan magariba a fito da kwanuka zaure, a yi ciyayya, kowa ya sa hannu. Mata a cikin gida su ma haka. Lokacin cin abinci sananne ne, yawansa sananne ne, kuma akwai idon da ke kallon fuskarka. In ka ci loma biyu ka tsame hannu, wani zai ce, “Lafiya kuwa?” In ka zauna shiru, baffa zai kira ka gefe bayan isha'i. Ranar da kuka shiga ɗakin kwanan ɗalibai na Amina ko Ribadu ko Suleiman, wannan idon ya ɗauke. Ɗaki cike da mutane, amma babu wanda ya san ranka a ɓace yake.

Ga kuma nauyin da ke kanku, wanda ban raina shi ba. Kuɗin makaranta ya ƙaru. An kafe sakamako, ka duba ka ga kariyoba. Wanda kike so ya daina ɗaga waya. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ɗalibai a gida daga watan Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, shekara ta tafi, sa'o'inku na wasu wurare sun wuce ku. Da yawanku ma ba yawan abinci ne damuwarku ba, rashinsa ne. Na ji kuna kiran tsarin cin abincinku “sifili, sifili, ɗaya”. A wuni da yunwa ana yawon aji, sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare a sauka teburin mai shayi: Indomie biyu, ƙwai uku, burodi, shayi mai kauri, a kora da lemon kwalba, a je a kwanta. Wani ma ba yunwar ce ta kai shi ba. Ya ci tuwo da magariba, amma ƙirjinsa ya yi nauyi, ya rasa inda zai sa kansa, ƙafa ta kai shi inda ake soya ƙwai.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda nake jin tausayinsa, kuma jikinsa ba ƙarya yake yi masa ba. Idan damuwa ta daɗe, jiki yana yawan sakin wani sinadari da ake kira kotisol, wanda ke ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana kuma taimaka wa kitse ya taru a tumbi. Rashin barci yana ƙara wa wutar fetur. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita wa samari 12 masu lafiya barci zuwa awa huɗu har dare biyu. Sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, samarin kuma suka fi marmarin kayan zaƙi da na fulawa. Dare biyu ke nan. Ku kwatanta da makonnin da kuke yi kuna kwana a aji kafin jarrabawa.

Abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira basirar sarrafa zuciya, a nan ya shigo. Wasu malamai biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su ne suka fayyace shi a 1990, sannan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa shi a duniya. Abin da suke nufi shi ne mutum ya iya gane abin da ke motsi a ransa, ya san daga ina ya taso, ya iya lallashinsa ba tare da ya cuci kansa ba, ya kuma iya karanta halin da na kusa da shi yake ciki. Tun kafin su, wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Hilde Bruch ta rubuta a 1973 cewa da yawan marasa lafiyarta ba sa iya bambance yunwa da ɓacin rai. Duk abin da ya motsa a jikinsu, abinci suke ba shi. Binciken da ya biyo baya ya yi ta nuna cewa wanda yake da wahalar gane abin da yake ji a ransa ya fi saurin cin abinci don huce haushi, wannan ɗabi'a kuma tana tafiya tare da ƙaruwar nauyi.

A nan ina so ku saurare ni da kyau, don kada wani ya ɗauki maganata ya je ya cutar da ɗan'uwansa. Ban ce duk mai ƙiba ba ya iya riƙe zuciyarsa ba. Akwai gado, akwai gidajen da kowa mai jiki ne tun kakanni. Akwai magungunan da ke sa nauyi, akwai matsalar maƙoshi, akwai lalurorin mata da ke rikita al'ada su kawo ƙiba. Akwai kuma talauci, domin abin da ya fi araha a bakin makaranta shi ne fulawa da mai da sukari. Na ga masu jiki da natsuwarsu ta fi ta kowa a unguwa, na kuma ga siraran da fushi ke juya su yadda ya ga dama. Halin zuciya ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa. Na zaɓe ta ne don ita ce makullinta ke hannunku.

Wannan ilimi na sarrafa zuciya ba baƙo ba ne a Zazzau. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horon aikin mulki ta Kongo, ya wallafa nazari a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da haƙuri da hankali da kunya. Iyayenmu sun san darajar riƙe kai. Sai dai na lura yaran yanzu da yawa sun ɗauka haƙuri shi ne haɗiye komai a yi gum. Sun ji ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suka zaci har ciwon ransu ake so su binne. Wancan karin maganar kan amanar mutane take, kan sirrin da aka ba ka ajiya. Game da abin da ke cin ka kuwa, waɗannan magabatan su ne dai suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Baƙin cikin da aka hana shi fita ta baki, zai nemi wata hanyar, sau da yawa kuma ta kwanon abinci yake bi.

Saboda haka, ɗana, kafin ka tashi zuwa wurin mai shayi da tsakar dare, tsaya ka tambayi kanka. Yunwar ciki a hankali take zuwa, kuma ba ta da zaɓe: ko ɗumamen tuwo aka ba ka za ka ci, in ka ƙoshi ka tsame hannu. Yunwar zuciya farat ɗaya take faɗowa, abu takamaimai take so, zaƙi ko soyayye, ciki ya cika ba ta daina ba, bayanta kuma sai nadama. In ka gane ta biyun ce, kira abin da ke damunka da sunansa. Ka ce, “Tsoron jarrabawar gobe nake ji.” Ko ka ce, “Kewar Inna nake yi.” Kada ka raina wannan. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya sun nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage zafin ɓangaren da ke tayar da firgici. Addininmu ma ya koya wa mai fushi ya zauna in a tsaye yake, ya yi alwala. Wannan ɗan jinkirin tsakanin motsin zuciya da motsin hannu, shi nake roƙon ku koya. Ka sha ruwa, ka taka zuwa masallaci, ka buga wa wani waya. In bayan minti goma sha biyar yunwar tana nan, ka ci da bismilla, ba tare da zargin kai ba, kana tuna koyarwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

'Ya'yana mata, akwai maganar da ta fi shafar ku, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Wasunku ba damuwa ce ke kai su ga ƙiba ba, neman ƙibar suke yi da kuɗinsu, don ƙawa ta ce ba su cika ido ba, ko don biki ya matso. Ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe” galibi deksametason ne, ko magungunan da ke buɗe ciki su sa barci. Abin da deksametason ke kawowa kumburi ne da tara ruwa da kitse a fuska da wuya. Yana iya haddasa hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je wurin likita a rage mata a hankali. Ki tambayi kanki, 'yata, maganar wa ce ta yi miki zafi har kika yarda ki saka lafiyarki a caca? Wannan tambayar ma sanin zuciya ce.

Ku kuma da Allah ya yi ku sirara, rabin wannan ilimi naku ne. Ku daina kiran abokanku “Tumbi” da “Buhu” kuna cewa wasa ne. Yana dariya tare da ku, amma ba ku san da me yake kwana ba. Bincike ya nuna gori ba ya rage wa kowa nauyi. Yana ƙara damuwa, ya sa mutum ya guji filin wasa da asibiti, ya koma ci a ɓoye. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ba ta kuma ware abokan ɗaki ba. In ka ga abokinka ya sauya, yana ci ba ƙaƙƙautawa, ko ya daina ci gaba ɗaya, domin wasu haka damuwa ke yi musu, ka tambaye shi a keɓe, ka saurara har ya gama.

Sauran abubuwan kun san su. Kwalbar lemon zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda wa babba a yini guda. Hukumar tana so a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya daga ɗakin kwana zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ƙafa tana cikin lissafi. Wake, dambu, zogale, ƙosai da koko marar sukari da yawa, duk suna nan kuma aljihun ɗalibi zai iya. Ku ci wani abu da safe, ko kaɗan ne, don kada dare ya same ku a rarake. Ku haɗa tukunya da abokai ku ci tare, waya a aljihu.

Iyaye da ke cikin birni, in kun kira ɗanku, kada tambayar ta tsaya kan “Ka ci abinci?” da “Yaya sakamako?” Ku tambaye shi yadda ransa yake, ku ba shi damar ya ce ya faɗi wani darasi ba tare da ya ji duniya ta tashi ba.

Ku kuma ɗalibai, kafin zangon nan ya ƙare ku je asibitin makaranta a auna muku nauyi da hawan jini da sukari. Wanda baƙin ciki ya zauna masa fiye da mako biyu, barci ya gagara, karatu ya fita ransa, ya faɗa wa likita ko ya je ofishin ba ɗalibai shawara. Ba abin kunya ba ne. In kun shigo gari ranar Juma'a, ku nemi babba ɗaya da kuka amince da shi, ku zauna ku faɗa masa abin da ke ranku. Allah ya ba ku lafiya da ilimi mai albarka.