Ɗana yana toshe kunne in an tada injin niƙa

Gwaggo, daga Morai nake rubuto miki. Ɗana na uku shekararsa 4, har yau maganarsa ba ta wuce kalma biyar ba. Da an tada injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya faɗi yana ihu. Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara da shi, sai goyo shi na yi muka dawo, ban sayi ko gishiri ba. Shaddar Sallah ya tuɓe ya jefar, aski kuwa sai mutum uku sun danne shi. Amma ya taka garwashi bai yi kuka ba, sai da dare na ga ƙunar. Uwar mijina ta ce iska ce, babansa ya ce sangarta ce, har ya fara sa masa bulala. Na rasa inda zan sa kaina.

Uwar yaro, Morai

'Yata, sannu da ɗawainiya. Kafin komai, ki nemi lokacin da hankalin maigidanki yake kwance, ki roƙe shi ya ajiye bulalar nan. Yaron ba taurin kai yake yi ba, wahala yake sha.

Likita ne zai tabbatar bayan ya gan shi, amma abin da kika zayyana ya yi kama da larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ba sakacin uwa ke kawo ta ba, ba allurar rigakafi ba.

Ni da ke, in inji yana ƙara, jim kaɗan mun manta da shi muna hirarmu, domin ƙwaƙwalwa ta tace ƙarar ta ture ta gefe. Tasa ba ta yin wannan tacewar yadda ya kamata. Ƙarar na shigar masa gaba ɗaya, kamar rediyon da aka ƙure wa murya aka kara masa a kunne. Sitacin sabuwar shadda a wuyansa kuwa, ki tuna ƙaiƙayin gero ranar sussuka. Wani saƙon kuma rauni yake yi kafin ya isa, shi ya sa garwashi bai sa shi kuka ba. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa wannan bambancin ji cikin alamomin da ake gane larurar da su.

Akwai wata farfesar ilimin dabbobi a Amurka, Temple Grandin, da ta tashi da wannan larura. Tana budurwa ta lura shanu kan natsu in an matse su a keji, sai ta ƙera wa kanta abin da zai matse jikinta, ta riƙa samun sauƙi. Na tuno ta ne saboda goyon da kika yi a kasuwa. In ya yi shiru a bayanki, to kin sami hanya. Da yawansu ba sa son shafa sama-sama, amma suna son riƙo mai ƙarfi. In ya ture ki, ki sake shi.

Ki san lokacin da ake tada injin, ki riga shi, ki kai yaron ƙuryar ɗaki da hula mai rufe kunne. Kasuwa ki ɗaga masa tukuna. Sabon kaya ki wanke har ya yi laushi. Aski a yi da almakashi, kaɗan-kaɗan, ko yana barci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne garwashin nan. Yaron da ba ya kukan ciwo, idonki ne bakinsa. Kowane dare ki duba tafin ƙafarsa, bakinsa da kunnuwansa. Ki kange murhu, ki rufe rijiya. Irin waɗannan yara ruwa na jan su, kada a bar shi shi kaɗai kusa da gulbi ko magudanan Bakolori. In yana cin ƙasa, ki faɗa wa likita a gwada jininsa. Ba mu manta gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba.

Ki fara da babban asibitin Talata Mafara, ki nemi takardar turawa zuwa likitan yara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, ranar da hanya ta yi kyau. A gwada jinsa. Ki ɗauki bidiyonsa a waya lokacin da abin ya taso, likita ya gani da idonsa. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke cire otizim, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya warkar da shi, ki riƙe kuɗinki. Koyarwa da haƙuri kan buɗe bakin yara da yawa.

Addu'a kam ku yawaita, a hankali, kusa da shi. Amma turara hayaƙi da ɗaga murya a kunnensa ƙara masa azaba za su yi. Kada ki yi musu da surukarki, jikanta take so. Ranar zuwa asibiti ki ce, "Inna, ki raka ni," ta ji bayanin daga bakin likita.