Jodan ko Sina: Wa Zai Riƙe Maka Ruwa?

Ɗana, na ga saƙonka, kuma na yi murna da ka tsaya neman shawara kafin ka yanki tikiti. Hanyoyi biyun da ka ambata duka masu kyau ne, amma ka auna su da tsawo da kyan hoto, ni kuwa da ruwa nake auna hamada.

Hanyar Jodan ta tashi daga Ummu Ƙais a arewa ta dire Aƙaba a bakin Bahar Maliya, fiye da kilomita 650, tafiyar kwana 40 ko kusa da haka. Ba dukkanta ce hamada ba. Farkonta gonakin zaitun ne da ƙauyuka, ga ganuwar Ajlun da aka gina a 1184 zamanin Salahuddin, ga ta Karak can gaba. Sai ka kai Dana ƙasa za ta fara nuna maka ainihin halinta, ka gangara Petra, ka shiga jan yashin Wadi Ram. Dokar hanyar ba ta tilasta maka ja-gora ba. Kana iya sauke taswira a wayarka ka kama gabanka, kuma na san wannan 'yancin ne ya ja hankalinka. Shi ne kuma yake damuna. Daga Petra zuwa kudu ruwa ya yi ƙaranci har matafiya kan biya mai mota ya ajiye musu jarkoki a wuraren da aka yi alkawari. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a bayanka, mai tafiya cikin rana kuwa ba ya wadatuwa da ƙasa da lita biyar a yini. Lissafa na kwana uku ka ji nauyin tun kana zaune.

Ta Sina a Masar wata aba ce dabam. An buɗe ta a 2015 da kilomita 220, tafiyar kwana 12 daga gaɓar teku kusa da Nuwaiba zuwa duwatsun Santa Katrin, a hannun ƙabilu uku na Larabawan daji: Tarabin, Muzaina da Jabaliyya. A 2018 aka faɗaɗa ta zuwa kilomita 550, ƙabilun suka zama takwas. Ba a bin ta sai da ja-gora, kuma kowace ƙabila tana raka baƙo iyakar ƙasarta ta miƙa shi ga ta gaba. Raƙumi ke ɗaukar ruwa da guzuri. Da dare a gasa gurasa cikin toka, a dafa shayi. Can ƙarshe za ka hau Dutsen Musa, wanda jama'a da yawa ke ɗauka shi ne Ɗuru Sina, kusa da shi kuma ga Dutsen Katrin, mafi tsawo a duk Masar, sama da mita 2,600.

Kada ka ɗauki wannan sharaɗin ja-gora a matsayin takura. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma bai taɓa tashi babu madugu ba, alhali mutanen cikinsa 'ya'yan hamada ne tun kaka da kakanni. Wanda ya san wace rijiya ta ƙafe bana, wane kwari ba a kwana cikinsa, ya riƙe ilimin da babu shi a waya. Waya kuma tana mutuwa.

Batun kwari kuwa, ka saurare ni da kyau. Ruwa na kashe mutum a hamada kamar yadda ƙishirwa ke yi. Sama na iya zubowa a wani dutse mai nisa, kai kana ƙarƙashin rana tsaka, ambaliya ta biyo kwazazzabo ta iske ka. A watan Oktoba na 2018 irin wannan ta halaka mutum 21 kusa da Tekun Gishiri a Jodan, yawancinsu 'yan makaranta da suka fita yawon buɗe ido. Allah Ya jiƙansu.

Tunda ba ka taɓa kwana bakwai a jere kana tafiyar ƙasa da kaya ba, shawarata ka fara da gajeruwar hanyar Sina. Tana kudancin yankin ne, nesa da arewacin da ya sha fama da rikici, amma duk da haka ka binciki halin tsaro gab da tafiya. Idan zuciyarka ta nace sai Jodan, to ka ɗauki yankin Dana zuwa Petra kawai, kwana huɗu ko biyar, tare da ɗan gari. Sauran hanyar ba gudu za ta yi ba.

Ka tafi a Maris ko Afrilu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakiyar shekara zafin ya fi ƙarfin mai tafiya, hunturun Santa Katrin kuma har ƙanƙara yake saukarwa, saboda haka ko a watanni masu sauƙi ka riƙe rigar sanyi mai kauri. Takalmin da za ka je da shi ka fara sa shi tun yanzu, ka goya jaka mai nauyi kana zagaya gari bayan sallar asuba har ƙafarka ta saba. Nemi biza da wuri. Kafin ka tashi kuma ka bar wa mahaifiyarka lambar ja-goranka da ranar da za ka fito inda waya ke kamawa.