Auta ce za ta zaɓa muku jirgi

'Yata, na ji shawarar da ke da maigidan kuka yanke ta kai yara hutu a jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da ake kwana bakwai a ciki ana zaga gaɓar teku. Allah ya sa albarka. Na kuma ga hotunan da kika turo, masu bene kan bene da wuraren sulu. Ki ajiye su tukuna. Jirgin da ya dace da ku shi ne wanda ya dace da amaryata, autarku, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba. Yayyenta, mai bakwai da mai huɗu, kusan duk jirgin iyali da kuka shiga za su sami abin da zai ɗauke musu hankali. Ita ce idan ba ta sami wuri ba, ke ma ba ki da hutu, sai dai a ce kin kai renon teku.

Abin da masu talla ba su cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, wurin wasan yara na kyauta da ake ta yabo, a yawancin jirage sai yaro ya kai shekara uku, kuma ya daina famfas, yana iya zagayawa da kansa. Ƙasa da haka sai ɗakin reno, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. Jiragen Disney suna karɓar jarirai daga wata shida zuwa shekara uku, amma da kuɗi, ana lissafi awa-awa, kuma guraben ba su da yawa, sai an kama tun da wuri. Royal Caribbean na da irinsa a jirage da dama, ba duka ba. Carnival kuwa tun daga shekara biyu suke karɓar yaro a wurin wasa. To kin ga kada ki tsaya a sunan kamfani. Ki tambayi jirgin da sunansa, domin kamfani ɗaya na iya mallakar sabon jirgi mai komai da tsoho wanda ba shi da ko kusurwar jarirai. Akwai ma kamfanoni irin su Viking da Virgin Voyages da ba sa ɗaukar kowa sai ya kai shekara 18. Sannan, ba don ina zato ba, amma ki sani: mace mai ciki idan ta shiga mako na 24 ba a barin ta ta hau, jariri kuma sai ya kai wata shida, a doguwar tafiya ta ƙetare teku ma sai shekara ɗaya.

Maganar ruwa ita ce za ta fi ba ki ciwon kai, don haka bari in daɗe a kanta. Dokar tsafta a yawancin jiragen nan ta hana duk yaron da ke saka famfas shiga wurin ninƙaya, ko da famfas ɗin wanka ne. Ba wulaƙanci ba ne, ruwan da ɗaruruwan mutane ke shiga ne, kashin yaro ɗaya ya isa a rufe wurin a zubar da ruwan. Amma ki dubi halin da za ki shiga: rana ta take, yayyenta suna ta fantsama suna ihu, ita kuma kin riƙe ta a gefe tana miƙa hannu tana tsala kuka, kwana bakwai a jere. Wasu jirage sun keɓe wa masu famfas ɗan fili mai feshin ruwa, da matatarsa daban. Wannan fili, a wurina, ya fi duk wani dogon sulu da aka ɗauka hoto. Ki tabbatar akwai shi kafin ku biya ko sisi. Ga manyan kuwa, wasu kamfanoni sun ajiye masu ceto a bakin ruwa, wasu ba su ajiye ba. Ko da akwai su, idon mai ceto na kan yara hamsin ne. Ku raba aiki ke da maigidan, ku faɗa da baki wa ke kallon wa, domin a tsakanin "na ɗauka yana wurinka" da "na ɗauka yana wurinki" ake rasa yaro.

Girman jirgi kada ya ruɗe ki. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024 daga Miami, yana iya ɗaukar fasinja sama da dubu bakwai, tsawonsa ya haura mita 360. Gari ne guda. Mai shekara goma sha biyu zai ga aljannar duniya. Ke kuwa da keken tura yaro za ki tsaya bakin lif, ya buɗe a cike ya rufe, ya sake buɗewa a cike, ita kuma barci ya taso mata tana ta rigima. Ban ce babban jirgi bai da kyau ba, sau da yawa ma su ne ke da ɗakin reno da filin jarirai. Sai dai idan kun zaɓe shi, ku nemi taswirar benayen, ku kama ɗaki kusa da wurin yara da wurin cin abinci, ku kuma duba abin da ke sama da ƙasa da ɗakin, kada ya zama gidan rawa ne a kanku.

Ɗaki na tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, shi ya fi zama daram idan teku ta motsa. Goshin jirgi da can sama su suka fi lilo, su ke kawo jiri da amai. Baranda akwai daɗi, kuma shingenta ya haura mita ɗaya, amma akwai kujera da tebur a wurin, kuma kin fi ni sanin halin na tsakiyar nan da hawa. In kun ɗauki mai baranda, ƙofar ta zauna a kulle sai da babba. Ni da za a bi tawa, mai taga kawai ya wadatar, rarar kuɗin a biya reno. Ki roƙi gadon jariri tun lokacin yin rajista. Yawancin ɗakunan shawa ce kawai babu baho, Disney ne suka yi fice da sa baho a mafi yawan ɗakunansu, don haka ki tafi da ɗan bahon roba mai hurawa. Bangon ɗakin ƙarfe ne, maganaɗisu na kama shi. Da ƙugiyoyin maganaɗisu da zane ɗaya sai ki yi wa gadonta labule, ta yi barcinta ku kuna da fitila.

Hanya ma zaɓi ce. Da yake a Ingila kuke zaune, tashi daga Southampton ya hutar da ku hawa jirgin sama da yara uku, amma mai zuwa Sifen ko Fotugal daga can sai ya ratsa mashigin Biscay, wanda ya yi suna da hauka. Bahar Rum daga Barcelona ta fi kwanciya da bazara, sai dai zafi da doguwar tafiyar mota: tashar da ake kira ta birnin Rum, wato Civitavecchia, tafiyar sama da awa ɗaya ce zuwa cikin birnin. Tsibiran Karibiyan kuma lokacin guguwarsu daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Ki kuma duba tashoshin da jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, sai an sauke mutane a ƙananan jirage. Da goyo da keke da jaka, wannan wahala ce. Tafiyar farko kada ta wuce kwana bakwai. Tun da fasfo ɗin Najeriya ne a hannunku, zaman Ingila bai ɗauke muku bizar Schengen ba, kuma wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake barinsa, kuɗinsa kuma sun tafi.

Abinci, ki sanar da su kuna son halal makonni kafin tafiya, a rubuce, kada ki bari sai kun zauna a tebur. Inda ba a samu ba, kifi da ƙwai da kayan lambu ba sa yankewa. Idan kuna son inda ba sai kun yi ta tambaya ba, akwai jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, abincinsa halal ne kuma da wurin salla. Shi ma ki yi masa tambayoyin auta kamar kowa, kada sunan Jidda ya sa ki sassauta.

Kafin jirgi ya tashi za a nuna muku wurin taruwa idan hatsari ya faru. Tun bayan da Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka tsananta wannan. Kada ku ɗauke shi wasa. Ku taka da ƙafa daga ɗakinku zuwa wurin tare da yaran, ki nemi rigar ceto daidai jikin auta, abin hannun da za a ɗaura wa yara mai lambar wurin taruwa kuma kada wanda ya cire. Cutar da ta fi yawo a jirgi ita ce ta amai da gudawa, kuma man goge hannu bai cika kashe ƙwayarta ba, sai sabulu da ruwa kafin kowane cin abinci. Akwai likita a jirgi, amma kuɗinsa daban ne kuma da tsada, saboda haka ku yi inshorar tafiya wadda ta ambaci jirgin ruwa ƙarara. Ki haɗa gishirin ORS da maganin zazzaɓin yara, da famfas da madarar da za su kai ku har dawowa da rara, domin shagon jirgi ba abin dogaro ba ne. A lissafinku kuma ku sa ladan ma'aikata da kamfanoni da yawa ke cira kullum a kan kowane kai, har da na yara a wasu jiragen.

Idan kin tace jirage biyu ko uku, ki turo min sunayensu da ranakun tashi mu duba tare. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran.