Idan Manhaja Ta Daskare: Abin Da Ya Kamata Hannu Ya Fara Taɓawa

A shagunan buga takardu da wuraren cike fom na intanet da ke Ƙofar Sauri a birnin Katsina, kamar sauran unguwanni, mai gyaran kwamfuta ya fi yawan jin koken cewa na'ura ta daskare, alhali sau da yawa manhaja guda ce ta tsaya, sauran na'urar kuwa lafiyarta lau. Manhaja ita ce shirin da ake aiki da shi, kamar Word ko Chrome, taga kuma ita ce fuskarta da ke bayyana a kan allo, kuma aikin manhajar ne ta riƙa amsa saƙonnin da madannai da linzami ke aika mata. Idan ta yi kimanin daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, sai Windows ya dusashe launin tagar, ya rubuta Not Responding a samanta, ma'ana ba ta amsawa, wanda ba ya nufin ta mutu, domin wataƙila tana fama ne da babban fayil, ko tana jiran firinta, ko filashi mai ciwo, ko intanet da ya yanke.

Saboda haka matakin farko haƙuri ne na minti ɗaya ko biyu, hannu a ɗauke daga linzami, domin yawan dannawa ƙara mata lodi yake yi. Idan shirun ya yi tsawo, a danna Alt da F4, wanda roƙo ne ga manhajar ta rufe kanta, kuma idan ta ji, takan tambaya ko a adana aikin. Sai roƙo ya faskara ake komawa ga tilas: a haɗa Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, wato jerin duk abin da ke gudana a cikin na'urar, a zaɓi sunan manhajar da ta maƙale kaɗai, a danna End task. Masu Mac suna haɗa Command da Option da Esc, wasu masu Linux kuma suna da xkill, wanda ke sauya siffar alamar linzami, tagar da aka taɓa da ita ta rufe nan take.

Ɓarnar da ta fi damun mai gyara ita ce ta mai shagon da layi ya matsa wa, ga ɗalibi tsaye a kansa da furojet ɗinsa na kammala karatu, sai ya danne maɓallin wuta har na'urar ta mutu, ko ya zare waya daga soket. Wannan yana katse duk rubutun da ake yi a rumbun ajiya a daidai lokacin, shi ya sa washegari fayil yake ƙin buɗewa, filashi ya nemi a goge shi, wani lokaci ma Windows ɗin kansa ya ƙi tashi. Ko rufewar tilas tana da nata kuɗin, domin abin da ba a adana ba ya tafi. Word dai yana ajiye kwafin ceto duk minti 10 idan ba a sauya saitinsa ba, amma shafi biyu na iya salwanta a tsakanin wannan tazarar.

Manhajar da ke daskarewa kullum kuwa alama ce ta wata cuta, galibi ƙarancin ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka har zafin bazara ya same ta a shaƙe. Kira ga masu shaguna da yaran da suke koya wa aiki shi ne su saba wa yatsa da danna Ctrl da S bayan kowane sakin layi, su sa a hure ƙurar na'ura kafin watan Afrilu, maɓallin wuta kuma a bar shi sai linzami da madannai duk sun daina motsi.