Ƙashin da za ka tsufa da shi, yanzu kake gina shi

Da yawa daga cikinmu mun san wata kaka ko gwaggo da ta ɗan zame a tsakar gida, sai ga karaya a ƙugu. A kai ta wurin mai ɗori, a ce tsautsayi ne. Amma sau da yawa ƙashin ne ya daɗe yana zaizayewa, cikinsa ya zama kamar soso. Wannan cuta ta zaizayar ƙashi ba ta ciwo, sai ranar karaya take bayyana. An ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya.

Yaya ake gano ta da wuri? Da na'urar DXA, wadda ke auna ƙwarin ƙashin ƙugu da na baya. Mutum zai kwanta kamar minti 15, babu allura, babu zafi. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, makin -1 zuwa sama lafiya lau. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara rauni, -2.5 zuwa ƙasa kuwa cutar ta kama.

Wa ya kamata ya yi gwajin? Mata masu shekara 65 zuwa sama, matan da al'ada ta ɗauke musu da wuri, wanda ya karye daga 'yar ƙaramar faɗuwa, da wanda ya daɗe yana shan magani irin su prednisolone. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka a fara da ganin likita.

To, ina ruwan ɗalibi? Ƙashi yana gama tara ƙwarinsa ne wajen shekara 30, daga baya sai cin ajiya. Jikinka na buƙatar kusan miligiram 1,000 na sinadarin kalsiyam kullum. Sha nono da kindirmo, ci zogale, riɗi da ƙananan kifi da ƙayarsu. Riƙa shan hantsi don samun bitamin D, ka yi tattaki ko ƙwallo, ka bar sigari.

'Yan'uwa mata, a kula: shan dexamethasone don a yi ƙiba yana cinye ƙashi. Idan kin daɗe kina sha, kada ki yanke lokaci ɗaya, je ki ga likita.

In an tafi hutu, duba Inna ko Kaka. Ta rage tsawo? Bayanta ya fara ranƙwafawa? To, a kai ta asibiti tun kafin a nemi mai ɗori.