Darasin Lafiya: Me Ya Sa Bilic Ke Rasa Ƙarfinsa?

'Yan'uwa, bilic da muke tsabtace ruwan sha da shi ba ya riƙe ƙarfinsa har abada. Sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa shi ne sodiyam haifokulorait. Tun ranar da aka haɗa shi yake lalacewa a hankali. Wani sashe yakan koma gishiri da iskar oksijin. Wani kuma ya koma gishiri da kuloret, wanda ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Sai ka ga kwalba cike, amma ƙarfi ya ragu.

Zafi, hasken rana, tsatsa da tagulla suna hanzarta wannan lalacewa. Haɗarin shi ne iyali su sha ruwa da tsammanin ya tsabtatu, alhali ƙwayoyin amai da gudawa suna nan da rai.

Don haka:
1. Ajiye shi a inuwa mai sanyi, cikin robarsa a rufe, nesa da yara.
2. Kada a juye shi cikin gwangwani.
3. Sayi kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata 6.
4. Bayan an zuba a ruwa, a jira minti 30. In ba a ji ɗan warin kulorin ba, a tafasa ruwan.