Yadda ɗan kasuwa zai karɓo kuɗin da banki ya cire masa ba bisa ƙa'ida ba

Fataucin citta a kudancin Jihar Kaduna sana'a ce mai cin jari a lokaci guda. Da kaka ta yi, dillalan Kafanchan da Kwoi da Kachia da Kagarko kan bukaci kuɗi masu yawa domin sayen kaya, kafin masu saye daga Kano ko Legas su biya su. Saboda haka wasunsu kan nemi banki ya yarje musu cire fiye da abin da ke cikin asusunsu zuwa wani adadi, wato rancen zarce ajiya da ake kira obadiraf. Idan kasuwa ta juya baya, kamar yadda ya faru a 2023 lokacin da annoba ta lalata gonakin citta a yankin, biya kan yi jinkiri, tara kuma ta fara hawa kan bashi. Abin da ya kamata mai asusu ya sani shi ne, kowane caji yana da iyaka a rubuce, kuma abin da ya haura iyakar nan hakkinsa ne a mayar masa.

Iyakokin da Babban Banki ya gindaya

Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da kundin cajin bankuna a 2004, ya sabunta shi a 2013 da 2017, sannan ya fitar da wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. Ana auna kowane caji da kundin da ke aiki a ranar da aka cire kuɗin. Alal misali, kamashon da ake cira kan jujjuya kuɗi a asusu an rage shi zuwa naira 3 cikin kowace naira 1,000 a 2013, naira 2 a 2014, naira 1 a 2015, aka soke shi a 2016. A madadinsa aka kawo kuɗin kula da asusu, wanda bai wuce naira 1 cikin kowace 1,000 da mai asusu ya fitar ba.

Kundin 2020 ya tanadi cewa tarar jinkirin biya ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata ba, bisa adadin da ba a biya ba, ban da ruwan da aka yi yarjejeniya a kansa. Ya kuma ba da kwana 7 na rangwame kafin tarar ta fara aiki. Kuɗin gudanar da rance bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma sau ɗaya ake cire shi. Idan banki zai sauya yawan ruwa, wajibi ne ya sanar da mai rance tun da kwanakin aiki 10 kafin sauyin. Bankin da ya saɓa wa kundin kuwa, tarar naira miliyan 2 na kansa a kan kowane laifi.

Lissafi a aikace

A ɗauki misalin dillali a Kafanchan wanda aka ba rancen naira miliyan 5, naira miliyan 2 daga ciki suka wuce wa'adi da wata 3. Iyakar tararsa naira 20,000 ce a wata, jimla 60,000. Idan takardar bayanin asusunsa ta nuna an cire naira 100,000 kowane wata da sunan tara, to rarar naira 240,000 tasa ce. Haka nan kuɗin gudanar da wannan rance bai kamata ya wuce naira 50,000 ba. Sai dai a lura, harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa kan kuɗin hidima tun 2020 na gwamnati ne, banki mai karɓa ne kawai, don haka ba a sa shi cikin da'awa sai in an yi kuskuren lissafinsa.

Matakan neman hakki

Mataki na farko shi ne tattara shaida: takardar bayanin asusu ta duk lokacin da ake tuhuma, da takardar tayin rance da aka sa wa hannu, domin a cikinta ne yawan ruwa da wa'adin biya suke. Daga nan sai a bi caji ɗaya bayan ɗaya, a rubuta rana, da abin da aka cire, da abin da ƙa'ida ta yarda, da bambancin. Idan asusun yana da yawan shige da fice, ɗaukar akanta ya fi sauƙi, amma a daidaita ladansa tun farko.

Mataki na biyu shi ne kai koke a rubuce ga reshen bankin. Magana ta fatar baki da manaja ba ta zama hujja. A karɓi kwafi mai hatimi da lambar koke. A nemi a mayar da rarar tare da ruwan da ya hau kanta, domin cajin da ya wuce kima a asusun da ake bin sa bashi shi ma yana haifar da ruwa wata bayan wata.

Idan kwana 30 suka wuce ba a warware ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a rubuta wa sashen kare hakkin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012. Ana iya miƙa takardar a reshen Babban Bankin da ke Kaduna, ba sai an je Abuja ba, kuma ba a biyan ko kwabo. A haɗa da kwafin koken farko da lissafin da aka yi. Kotu tana nan a matsayin mataki na ƙarshe, sai dai tana cin lokaci da kuɗi.

Kada a bari lokaci ya ƙure

A watan Agusta na 2015 Babban Banki ya sa wa'adin shekara 6 daga ranar da aka yi hulɗa domin gabatar da koke, in ban da batun zamba. Ke nan cajin da aka cire a 2023 yana da dama har 2029, amma takardu kan ɓace, ma'aikata kan sauya wurin aiki.

A Ingila, masu ajiya da yawa sun nemi a mayar musu da irin wannan caji, amma a Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya yi wa bankuna daɗi. Ɗan kasuwar Nijeriya ba ya bukatar doguwar muhawara kan ko caji ya yi tsauri, tunda akwai adadi a rubuce da zai nuna. Amma koke ba ya soke bashi. Wanda ya daina biyan ainihin rancen saboda yana jayayya da banki, tara ta halal za ta ci gaba da hawa kansa, sunansa kuma ya shiga jerin masu taurin bashi. Abin da ya fi shi ne ya ci gaba da biyan abin da babu gardama a kansa, yana kuma duba bayanin asusunsa a ƙarshen kowane wata.